Kwamfutata tana zafi alhali ba ta aikin komai

Tambaya: Ina da kwamfutar tebur a shagona na buga takardu a Kabuga. Ko ban buɗe komai ba, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana nuna zafin digiri 68, fanka kuma sai ƙara take yi. In sayi sabuwar fanka ne?

Amsa: Malam, dakata da tafiya kasuwar Farm Centre tukuna. Furosesar da ba ta aiki yawanci tana tsakanin digiri 30 zuwa 50, amma wannan lissafin ɗaki mai sanyi ne. A nan Kano zafin Afrilu kan haura 40, fanka kuwa ba ta iya sanyaya furosesa ƙasa da iskar da take shaƙa. Digiri 55 da rana tsaka a shago mai rufin kwano ba abin tashin hankali ba ne. Amma 68 kam akwai magana.

Fara tabbatarwa hutun take yi da gaske. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager, wato shafin da ke nuna abin da kwamfuta ke yi, zai buɗe. In ka ga furosesa na cin kashi 30 hannunka ba ya kan komai, wani abu ne ke aiki a ɓoye: ko Windows na sabunta kansa, ko wata manhajar sata ta shigo maka da mai haƙar kirifto, wato manhajar da ke amfani da furosesarka tana samar wa wani kuɗin intanet.

In kashi 2 ko 3 ne, cire wuta ka buɗe murfi. Abin da na fi gani bayan hunturu shi ne ƙurar hazo ta cushe haƙoran ƙarfen nan da ke ƙarƙashin fanka, ta dunƙule kamar auduga, ka sa tsinke ta taso gaba ɗaya. Fitar da kwamfutar waje, ka danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, sannan ka hura da bulowa.

In har yanzu zafin bai sauka ba, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda ake kira thermal paste, ne ya bushe. Kwance ƙarfen, goge tsohon man da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Fankar Intel ƙafa huɗu gare ta, ɗaya ta ƙi shiga sosai ya isa ya jawo wannan zafin, don haka ka ji ƙaras a kowacce. Ni ma na taɓa yini ina neman matsala, ashe ledar da ke manne a gindin sabon ƙarfe ce ba a ɓare ba.

Sannan ka ɗauke kwamfutar daga ƙasa ko cikin durowar tebur, ka bar mata tazarar hannu tsakaninta da bango.