Tun da aka yi wa kwamfutata obakilok take mutuwa da rana, in sayi kula mai ruwa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ina da ɗan shago a ƙauyenmu nan gefen Ringim, ina haɗa bidiyon biki da na saukar karatu, ina kuma yin fotokofi da buga kati. Na tara kuɗi na haɗa destof, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 3600 a kan bod B450, kad ɗin girafik RX 580 na hannu, fawa kuma, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, wadda ta zo da kes ce an rubuta 500W, fankar firosesa ma ta cikin kwali ce. Wani abokina ya shiga BIOS, wato saitin tushe na bod, ya yi wa firosesar obakilok, ma'ana ya ɗaga min gudunta zuwa 4.2GHz a kan bolt 1.35 wai za ta fi sauri. Da safe lafiya lau take aiki, amma daga azahar in na sa ta fitar da bidiyo sai kawai ta mutu ɗif. Sola da inbata nake amfani da su, wani lokacin ƙaramin janareta. An ce in sayi kula mai ruwa, wato na'urar sanyaya firosesa da ruwa, da fawa mai 1000W. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kar ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun nan tukuna. Abu na farko yau ɗin nan, kafin ka kashe ko sisi, ka shiga BIOS ka mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, ka yi kwana biyu kana aiki a haka a daidai lokacin da ta saba mutuwa. In ta daina, toh mun gane inda matsalar ta fi ƙarfi, in kuma ba ta daina ba mun san fawa ce ko wutar da ke shigo mata. Ni zargina ya fi karkata ga fawar nan, zan zo kanta, amma bari mu fara da zafi tunda shi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa.

Kaga waɗanda kake gani a YouTube suna ɗaga firosesa suna cewa ga shi tana zaune a digiri 70 lafiya, a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 25 suke gwajin nan. Kai kuma a watan Afrilu a Jigawa waje kansa yana haura 40, balle shago mai rufin kwano ba silin, ga injin fotokofi yana huci a gefe. Ita kula ko wace iri ce ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi kawai take kwashewa daga firosesa ta miƙa wa iskar ɗakin, don haka duk digiri ɗaya da ɗakinka ya fi nasu zafi kusan digiri ɗaya ne zai hau kan firosesarka. Wanda ya samu 75 a ɗaki mai 22, kai da kayan nan sak a shago mai 42 za ka ga wajen 95, kuma 95 ɗin nan ita ce iyakar da kamfanin AMD mai ƙera ta ya sa wa Ryzen 5 3600. Shi ya sa da safe take lafiya, da azahar ta kasa. Da a ce an bar ta yadda ta zo, ita da kanta tana rage gudu in ta ji zafi, amma da aka ɗaure ta da hannu a 4.2 an rage mata wannan dabarar.

Kuma ƙarin bolt ɗin nan ya fi ƙarin gudun illa, domin wutar da firosesa ke ci tana hawa ne da bolt sau bolt. Misali daga 1.25 zuwa 1.35 kamar ba komai ba ne a ido, amma shi kaɗai ya ƙara kusan kashi 17 cikin ɗari, ka haɗa da ƙarin gudun sai ka ga ta doshi ƙarin kashi ɗaya bisa huɗu na wuta, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa. Me aka samu? Ita 3600 da kanta in duk ƙwaƙwalenta shida suna aiki tana zama wajen 3.9 zuwa 4.0, kenan ribar ba ta wuce kashi 5 zuwa 8 ba. Bidiyon da ke ɗaukar awa ɗaya zai ragu da minti uku ko huɗu. In ta mutu sau ɗaya a minti na hamsin ka sake daga farko, ribar sati guda ta tafi, ga uwar amarya ta turo yaro yana zaune a benci yana jiran filashi. Garin neman gira kenan a rasa ido. Sannan da yawa daga masu harkar suna ganin 1.35 ya yi wa wannan firosesar yawa in za ta daɗe tana aiki mai nauyi a kai, yana cinye ta a hankali.

Ka sauke manhajar HWiNFO mai nuna zafin kayan kwamfuta, kyauta ce, ka buɗe ta gefe lokacin da kake fitar da bidiyo ka zuba wa zafin CPU, wato firosesar, ido. In ka ga tana haura 90 kafin ta mutu toh zafi na da hannu. In shuɗin allo take nunawa ko ta daskare, obakilok ɗin ne bai zauna ba. In kuwa tana 70 da wani abu sai ta ɗauke kamar an zare soket, wannan aikin wuta ne.

Maganar kula mai ruwa, na san abin da ke ran mutane, ana ganin kamar randa ce. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafowa iska na busar da ita, ita kuwa wannan a rufe take ruf, lagireton mota ce ƙarama, ruwan yana ɗauko zafi ya kai wa fankoki su hura shi waje, ba za ta taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Ga famfo a ciki wanda in ya mutu shikenan sai dai sabuwa, kuma ramukan lagireton ƙanana ne ƙura tana toshe su da wuri. Kai da ke ƙauye, in famfo ya tsaya ranar da kake da aikin biki sai ka shiga mota zuwa Kano. Ni wallahi kula ta iska nake ba mutanen karkara shawara, irin doguwar nan mai bututun tagulla huɗu zuwa shida da fanka 120mm. Ko Hyper 212 ta Cooler Master ta ishi 3600, in da hali ka ɗauki mai hawa biyu irin Peerless Assassin 120 ta Thermalright ko AK620 ta DeepCool, sai dai ka auna faɗin kes ɗinka tukuna don suna da tsayi wajen santimita 16, kuma ka tabbatar da ƙarafan ɗaurawa na AM4, wato irin mazaunin firosesarka, a cikin kwalin. Abin da zai iya lalacewa a jikinta fanka ce kawai, ita kuma ko ina ana samu. Wadda ta zo a kwali, Wraith Stealth, an yi ta ne don firosesar a yadda take, ba don a ɗaga ta ba. In za ka ɗaura sabuwa ka goge tsohon man nan da ke tsakanin firosesa da kula tas, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, kuma don Allah ka cire ledar da ke manne a gindin kular, na sha ganin an manta da ita.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabarmu. Akwai wata destof da aka kawo min daga wani ƙauye bayan hunturu, mai ita ya rantse firosesa ce ta ƙone. Da na cire fankar sai ga ƙura ta yi kamar bargo a kan haƙoran ƙarfen, na sa yatsa na ɗago ta gaba ɗaya a haɗe kamar fatar tuwo, a cikin fawa kuma zanzaro har ya fara gini a kusurwa. Busawa kawai muka yi muka sa sabon mai ta tashi garau. Don haka ka ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora kan tebur, ka ba ta tazarar kamar taƙi ɗaya daga bango, fanka biyu a gaba suna shigo da iska ta bayan raga, ɗaya a baya tana fitarwa, in masu shigarwa sun fi yawa ƙura ba ta cika kutsowa ta ramuka ba. Lokacin hunturu duk sati biyu ka wanke ragar ka busa cikin da bulowa, ka riƙe fankokin da yatsa kar su yi ta juyawa. Shi ma RX 580 na hannu da yawansu an yi haƙar kirifto da su shekara da shekaru, man jikinsu ya bushe, ka sa a canza masa. Kuma in kana da halin sa silin ko da na buhu ko tabarma ne a shagon, kwamfutar za ta ji a jikinta.

Toh yanzu fawa. Mu yi lissafi, firosesarka a yadda ta zo ba ta wuce wat 88, in an ɗaga ta ka ce 110 zuwa 120, RX 580 yana cin 185, bod da RAM da diski da fankoki ka ba su 50 ko 60, duka wajen 360 kenan. Kaga 1000W ɓarnar kuɗi ce, ba abin da za ta ƙara maka. Matsalar ita ce 500W ɗin da ke jikin fawar da ke zuwa da kes sau tari lamba ce kawai. Ka buɗe gefen kes ka karanta takardar da ke manne a jikinta, ka nemi inda aka rubuta +12V ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, domin firosesa da kad duk daga nan suke sha. In ka ga 18A, sau 12 wat 216 kenan, kai kuma su biyun nan kaɗai suna neman wajen 300. Fawar kirki mai 650W za ka ga ta rubuta wajen 54A a wurin. Ka ɗaga ta ma ka ji, ta banza ba ta da nauyi kamar gwangwanin da ba komai. In kuma da ɗan wayar nan ta canji aka haɗa wa kad ɗin wuta saboda fawar ba ta da bakin 8-pin nata, toh ka daina kunna ta a haka, irin wayoyin nan suna narkewa.

Abin da zan ce ka saya shi ne 650W, ko 550W in kuɗi sun gaza, daga kamfanin da aka sani irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus Bronze ko Gold. Tambarin yana nufin ba ta ɓarnatar da wuta da yawa ta koma zafi, wanda ke kan batir kuwa ya san darajar wannan. Ka duba abu biyu da ba a cika dubawa ba. Ɗaya, a rubuce take karɓar 100 zuwa 240V, ba 200 zuwa 240 kaɗai ba, saboda in wuta ta yi ƙasa ita za ta jure. Biyu, a wane zafi aka auna ƙarfinta, wasu a digiri 30 ne, masu kyau a 40 ko 50, mu kuwa 30 ai sanyin safiya ne a bazara. In ka shiga Kano wajen Beirut Road ko Sabon Gari ka tafi da wanda ya san kaya don akwai jabu, ka nemi sabuwa a kwalinta da rasit. Komai zan iya saya na hannu amma ban da fawa, don in ta tashi mutuwa tana iya tafiya da bod da kad.

Saura abin da ke bayan soket, wanda nan ne da yawa ke faɗuwa. Fawoyin zamani masu kyau suna da abin da ake kira Active PFC, kuma wasunsu ba sa shiri da inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul, za ka ji fawar tana ƙara zzz ko ta ɗauke in nauyi ya hau. Ka duba jikin inbatarka, in ba a rubuta Pure Sine Wave ba toh tana cikin waɗanda ake zargi. Sannan ka lura da wani abu, shin mutuwar tana zuwa ne daidai lokacin da aka danna fotokofi ko aka kunna injin laminatin? Injinan nan suna da hita a ciki, in ta tashi tana fizgar ɗaruruwan wat lokaci guda, wutar inbata ta yi ƙasa na ƙiftawar ido, kwamfutar da ke tsakiyar aiki mai nauyi kuma ba ta iya jure ko wannan. Da azahar ne kuma mutane suka fi shigowa fotokofi, kaga abin ya zo daidai. Ka raba musu layi, ko kar a yi fotokofi lokacin da take fitar da bidiyo.

Kwamfutar da allonta za su ja wajen wat 450 daga bango in aiki ya yi nauyi, don haka batir ɗaya mai 12V 200Ah, in ba ka so ka kashe shi ka tsaya a rabi, awa biyu da ɗan wani abu zai ba ka in ba rana. Ƙaramin janaretan nan mai shan gaurayen fetur da baƙin mai kuwa wutarsa hawa da sauka take yi, ni ba na son a haɗa destof kai tsaye da shi. In za ka sa UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, a tsakani kar ka ɗauki 650VA, ƙarfinta na gaskiya bai kai wat 400 ba, daga 1000VA zuwa 1500VA za ka nema, kuma ka gwada ta da janaretanka kafin ka biya don wasu ba sa karɓar wutarsa sai su yi ta ƙyas-ƙyas suna komawa batir. Ka sa mai wayarin ya kafa maka ƙarfen atin a ƙasa, in damina ta zo ana walƙiya kuma ka zare ta daga soket gaba ɗaya.

In sauri kake nema akwai inda za ka same shi ba tare da wannan zafin ba. Ka duba RAM ɗinka, sau da yawa ana sayen mai 3200 amma tana tafiya a 2133 ko 2400 saboda ba a kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, a BIOS ba, a bod ɗin Asus DOCP suke kiransa, kuma sanda biyu sun fi sanda ɗaya ko da jimillarsu ɗaya ce, Ryzen tana son wannan sosai. In kana kan tsohon diski mai juyawa (hard disk) ka koma SSD, wanda ya fi shi sauri. In bayan ka canza fawa da kula har yanzu ranka na son ɗagawa, ka bari sai Disamba ko Janairu da gari ya yi sanyi, ka kunna PBO, saitin da ke barin firosesar ta ɗaga kanta gwargwadon zafinta, maimakon ɗaure ta da hannu, ka gwada ta da manhajar gwaji irin Cinebench ko OCCT na awa guda da tsakar rana, in ta wuce 85 ka sauko, da Maris ya kama kuma ka mayar da ita yadda take. Ka turo min hoton takardar jikin fawar da ta jikin inbatar, da lambar da HWiNFO ta nuna maka da ƙarfe biyu na rana, sai in faɗa maka wanda za ka fara canzawa.