Tambaya da Amsa: An kashe Halilu Sububu, me ya sa rigimar ta koma bakin 'yan siyasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, kuma sana'ata tana kai ni Giwa da Funtuwa da wasu ƙauyukan da ke bakin daji. Lokacin da sojoji suka kashe Halilu Sububu mun yi murna ƙwarai, amma ba a jima ba sai muka ji manyan Zamfara suna jifan juna da zargi a gidajen talabijin. Shin kashe irin waɗannan shugabannin 'yan bindiga yana kawo sauƙi kuwa, kuma me ya sa kowane kisa yake zama abin faɗan siyasa? Daga wani mai karatu, Sabon Gari, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa. Murnar da kuka yi tana kan hanya, domin Halilu Sububu ba ƙaramin ɓarawon shanu ba ne. An san shi da safarar makamai zuwa ga sauran dabobin daji, da kuma cin gajiyar haƙar zinariya a yammacin Zamfara, saboda haka kwanton ɓaunar da sojoji suka yi masa kusa da Mayanci a watan Satumban 2024 aiki ne na gaske, wanda ya cancanci yabo. Sai dai tambayarka ta fi ƙarfin rana ɗaya, kuma amsarta tana cikin abin da ya biyo bayan kashe waɗanda suka gabace shi.

A watan Maris na 2018 aka kashe Buharin Daji, wanda a lokacinsa babu sunan da ya kai nasa firgita mutanen Zamfara da Birnin Gwari. Ba jami'an tsaro ne suka kashe shi ba, tsohon yaronsa ne Dogo Giɗe, bayan saɓani ya shiga tsakaninsu a kan shanun da aka kora. An kai gawarsa Gusau, jama'a suka yi dafifi suna kallo, aka ce fitina ta ƙare. Abin da ya faru shi ne, yaran da ke ƙarƙashinsa suka watsu, kowanne ya kafa tasa daba, kuma kowanne yana buƙatar kuɗin bindiga da harsashi da babura domin ya nuna shi ma ya isa. A watan Mayun shekarar aka kai harin ƙauyen Gwaska a ƙasar Birnin Gwari, inda aka kashe mutane fiye da 40, kuma a watan Afrilun 2019 al'amarin ya kai ga gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya. Shi kuwa Dogo Giɗe, ya zama ɗaya daga cikin manyan dajin da ake jin tsoro shekaru bayan haka.

Mu a nan jihar Kaduna mun ga irin wannan. A watan Fabrairun 2024 hukumomi suka sanar da kashe Boderi Isyaku, wanda aka danganta da sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a 2021. Makonni kaɗan bayan sanarwar, a ranar 7 ga Maris, aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun, waɗanda daga baya gwamnati ta ce an kuɓutar da 137. Ba ina cewa kisan ne ya haddasa satar ba. Abin da nake nunawa shi ne, faɗuwar mutum ɗaya ba ta rufe kasuwar kuɗin fansa matuƙar masu kawo makamai da masu sayen shanun sata da masu kai bayanan sirri suna nan cikin gari lafiya lau.

Batun siyasa kuwa, sai an duba lokacin da kisan Sububu ya faɗo. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa a jihar Sakkwato, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi, abin da ya girgiza Arewa ƙwarai. A farkon Satumba aka umarci ƙaramin ministan tsaro, Bello Matawalle, da manyan hafsoshin soja su koma Sakkwato domin jagorantar farmaki. Da aka samu nasara a kan Sububu, magoya bayan ministan suka ɗauke ta a matsayin shaidar aikinsa. Shi kuma Gwamna Dauda Lawal na Zamfara, wanda ya kayar da Matawalle a zaɓen 2023, ya fito a talabijin ya zarge shi da alaƙa da 'yan bindiga tun yana gwamna, ya ce kamata ya yi ya sauka daga muƙaminsa. Matawalle ya musanta zargin, ya ce shi ya taɓa rantsuwa da Alƙur'ani cewa ba shi da hannu, ya kuma ƙalubalanci masu zarginsa su yi hakan.

Tushen wannan taƙaddama tsohuwar gardama ce a kan sulhu. Matawalle ya yi sulhu da 'yan bindiga tun daga 2019, kuma a zamaninsa ne Awwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, ya ajiye makamai a Gusau a Fabrairun 2021, sannan ya koma daji, aka kashe shi bayan 'yan watanni a faɗa da wata daba. Dauda Lawal ya hau mulki da alkawarin ba zai zauna da su ba. A Kaduna ma gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ƙi sulhu, alhali ta Uba Sani ta karɓi tubabbun 'yan bindiga a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanun garin. To, duk lokacin da wani kachalla, wato shugaban daba, ya faɗi, kowane ɓangare yana neman ya mayar da gawar hujjar cewa hanyarsa ce daidai. Ƙari a kan haka, tsarin mulkinmu ya bar soja da 'yan sanda a hannun Abuja, gwamna kuma shi jama'a ke gani, saboda haka yabo yana da masu nemansa da yawa, laifi kuwa kowa yana da wanda zai ɗora wa.

Abin da ya fi ci mini rai a nan, Alhaji, shi ne zargi mai nauyin cewa wani babba yana da hannu a zubar da jinin talakawa ya ƙare a hirar talabijin da rantsuwa. Idan zargin gaskiya ne, kotu ce wurinsa. Idan kuma ƙarya ne, wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin a wanke shi a fili. Haka nan, mutum irin Sububu ya tafi kabari da sunayen waɗanda ke sayar masa da bindigogi da waɗanda ke karɓar zinariyarsa, kuma bin wannan sawu ne aikin da ya kamata 'yan majalisarmu su matsa wa hukumomin tsaro a kansa, su nemi a faɗa wa jama'a wa aka kama bayan kisan, wa aka gurfanar, kuma wane hukunci aka yanke.

Game da tafiye-tafiyenka kuwa, makonnin da ke biyo bayan irin wannan kisa su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, domin a lokacin ne yaran mamacin ke neman ramuwa ko sabon matsuguni, kuma dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari a haɗe suke har zuwa iyakar Giwa. Ka riƙa tuntuɓar direbobin tasha da dillalanka na ƙauye kafin ka ɗauki hanya, ka kuma tsara cinikinka yadda za ka baro kasuwannin bakin daji tun rana ba ta yi sanyi ba.