Leza ba zai sa kumbo ya wuce gudun haske ba

Malam kana tambaya ko hasken leza, wato haske mai ƙarfi da ake tattarawa ya tafi a siririn layi guda, zai iya tura kumbo har ya wuce gudun haske, gaskiya a'a, ba zai yiwu ba. Ai lezan shi kansa haske ne, gudunsa kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, to ta yaya abin da ke ingiza ka daga baya zai sa ka tsere masa? Kuma tun 1905 lissafin Einstein ya nuna duk abu mai nauyi, yana kusantar gudun haske makamashin da yake buƙata na ta hauhawa ba iyaka.

Amma fa tura kumbo da leza ba tatsuniya ba ce. A 2016 attajiri Yuri Milner da masanin kimiyya Stephen Hawking suka sanar da shirin Breakthrough Starshot, 'yan mitsi-mitsin na'urori masu nauyin giram kaɗan, a haɗa su da siririn mayafi mai ƙyalli a haska musu leza mai ƙarfin gigawat 100 daga ƙasa, su kai kashi 20 cikin 100 na gudun haske su isa Alpha Centauri, rukunin taurarin da ya fi kusa da ranarmu, cikin kamar shekara 20. Ni abin da ya fi damuna birki ne, babu wani leza a can da zai tsayar da su, wucewa kawai za su yi suna ɗaukar hoto.