Da gaske ana ɓoye makami mai linzami cikin kwantena a jirgin kaya?

Tambaya: Malam, maigidana ma'aikacin jirgin dakon kaya ne, suna bi ta Bahar Maliya. An turo mini bidiyon wata kwantena ta buɗe ta harba makami mai linzami, wai yanzu kowane jirgin kaya na iya ɗauke da irinta. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya tsare shi. Kwantenar akwai ta. Amurka na da irinta mai suna Mk 70, mai tsawon ƙafa 40 da gurbin makami 4, kuma a Oktoban 2023 ta harba makami mai linzami SM-6 da ita daga jirgin yaƙinta USS Savannah. Rasha ma ta daɗe tana tallar tata, mai suna Club-K. Tushen Mk 70 ɗin shi ne akwatin harbi na jiragen yaƙi, Mk 41, wanda ake jera shi gurbi takwas-takwas a cikin jirgi, har wasu jiragen yaƙin Amurka samfurin Arleigh Burke na ɗaukar 96.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sharhin Facebook da suka ɗauka wannan tsari tamkar batirin tocila ne, ka cire ka sa wani. Kullum sai na ci karo da wannan magana. Akwatin harbi makaho ne. Bai san inda abokin gaba yake ba sai rada ta gani, kwamfutar yaƙi ta lissafa, jami'in da ke da izini ya ba da umarni. Ko makamin da ake aikawa kan tudu sai an loda masa hanyar da zai bi da wurin da zai faɗa. Sannan wutar da ke fita lokacin harbi tana buƙatar sarari da mafita. Kwantenar da aka danne da wasu biyar, tana maƙwabtaka da taya da atamfa, ta ina za ta miƙe? Wane kamfanin inshora zai sa hannu? Jiragen yaƙin Amurka kansu, da suka yi ta kakkaɓo makaman 'yan Huti na Yaman tun ƙarshen 2023, in gurabensu suka ƙare sai sun koma tasha an ɗura musu da injin ɗaga kaya. Sai a Oktoban 2024 aka gwada ɗurin a tsakiyar teku, a kan jirgin yaƙin USS Chosin.

Masu yaɗa wannan jita-jita su ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce jirgin kaya sansanin soja ne, ya miƙa wa mai neman dalilin kai hari hujja, alhali waɗanda ke ciki masu neman halal ne irin mijinki.

Haɗarin da ke gabansa daga gaɓar Yaman yake fitowa. Ki tambaye shi ko kamfaninsu na zagayawa ta kudancin Afirka, da kuma abin da kwantiraginsa ya ce game da ƙin shiga yankin yaƙi.