Amsa ga Takwarar Uwata kan Nargis da Al'adar Barin Fim

Uwata,

Saƙonki ya iso ni tun ranar Talata, na sa tabarau na karanta shi sau biyu kafin in ɗauki alƙalami. Kin ce dangin yaron da ke neman aurenki sun kafa sharaɗi, wai sai kin bar wasan kwaikwayon da kika faro tun kina jami'a kafin a kawo lefe, kina so ki san ko al'ada ce ta gaske ko kuwa son zuciya. Sannan kika jefo mini wadda ta fi nauyi: yaya aka yi mu tsofaffi muke ajiye hoton Nargis, jarumar fim ɗin Indiya, a ƙasan adaka muna yabonta, amma da an ce 'yar fim ce za ta shigo gidanmu sai mu tsuke fuska? Tambayar ta taɓa ni, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Bari in fara da ita, don fuskarta kawai kika sani.

Sunanta na yanka Fatima Rashid. An haife ta a Kalkata ranar 1 ga Yuni, 1929. Uwarta Jaddanbai mawaƙiya ce, daga cikin matan nan da ke waƙa a gaban manya da masu kuɗi, waɗanda ake tafa musu da dare a raina su da rana. Ubanta ɗan gidan Hindu ne da ya musulunta ya ɗauki sunan Abdul Rashid. Uwar nan ba ta tsaya a waƙa ba, ta kafa kamfanin fim nata na kanta a lokacin da da wuya ki ga mace ta kusanci wannan, ita ce kuma ta fara sa 'yarta gaban kyamara a 1935, yarinyar tana 'yar shekara 6. Sunan Nargis na fim ne, sunan wani fure ne a harshen Farisa. Tana da shekara 14 darakta Mehboob Khan ya ba ta jagorancin fim a 1943. Daga 1949 kuwa sai tauraronta ya haska sosai, ita da jarumi Raj Kapoor suka yi fina-finai 16 tare. A Awaara na 1951 lauya ta fito, tana tsaye a kotu tana kare wanda ake tuhuma, fim ɗin ya yi tashe har ƙasar Rasha. Ba zan ɓoye miki ba, tsakaninta da Raj Kapoor akwai soyayya ta shekaru, shi kuwa yana da matarsa da 'ya'yansa, abin bai kai ga aure ba. Ta sha bakin duniya a kan haka, irin wanda kike jin ana yi wa 'yan matanmu a yau.

Abin da ya dasa ta a zukatanmu nan Kano shi ne Mother India na 1957. Mu mata ba a silima muka gan shi ba. A zamanin ƙuruciyata Kwarori ne ke kawo fina-finan Indiya, ana haskawa a Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai da Palace ta Jakara, kuma macen da aka gani a bakin ƙofar silima ta gama zubar da mutuncinta. Yayanmu, wato baffanki marigayi, shi ke sulalewa bayan isha ya je, ya dawo ya zauna a bakin murhu yana ba mu labari ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji, har ya tashi ya gwada mana yadda matar ke jan garma. Na san labarin Radha, wato matar da Nargis ta fito a matsayinta, a ka shekaru da dama kafin in ga fuskarta. Sai bayan na yi aure, bidiyo ya shigo unguwarmu, aka kawo kaset gidan maƙwabta, muka cika tsakar gida mu fiye da ashirin a kan tabarmi, yara a gaba.

Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, ba kuma wadda ta nemi a fassara mata. Amarya ce aka ci bashin rupi 500 a wurin mai ba da kuɗi da ruwa don a yi bikinta, aka jinginar da gona. Mijin ya rasa hannayensa biyu a ƙarƙashin dutse, kunya ta sa ya bar gida cikin dare bai sake dawowa ba. Ambaliya ta cinye amfanin gona. Mai bashin ya nemi ta ba da kanta a bakin abinci, ta ƙi. Ta ɗora garma a kafaɗa ta ja da kanta, yaranta na dafe da ita a baya. A daidai wurin nan na waiga na ga kakarki, wadda kika ci sunanta, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ita ta san abin. Shekarar farin 1973 Baba ya tafi cin rani kudu ya yi wata bakwai ba aike, ita ta riƙe mu shida. Na ga ranar da ta kwashe tasoshin jerenta ɗaya bayan ɗaya, ta goge su da toka, ta ba dillaliya, aka sayo mana dawa tiya huɗu. Ba ta taɓa yi mana maganar ba. Ranar kallon nan da muka dawo gida abin da ta ce kawai shi ne, matar nan ta san yunwa.

To ki lura, Nargis ba ta kai shekara 30 ba lokacin da ta yi wannan wasa, ta fito tun daga amarya har tsohuwa mai furfura. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju sa'anta ne, kwana 5 kacal ta ba shi. A ƙarshen fim ɗin ta harbe ɗan nan da hannunta saboda ya sace 'yar mutane ranar aurenta, alhali shi ne ɗan da ta fi so. Wannan ba kyan fuska ba ne, aiki ne, kuma sai wadda ta ƙware. Fim ɗin ya shiga jerin waɗanda suka yi takarar Oscar a Amurka a 1958, ita kuma aka ba ta kyautar gwarzuwar jaruma a bikin fina-finai na Karlovy Vary a Turai, gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Padma Shri duk a shekarar.

Ana cikin ɗaukar fim ɗin gobara ta ƙwace a wurin da aka cinna wa tarin dami wuta, ta rutsa da ita a tsakiya. Sunil Dutt ya faɗa ciki ya fito da ita, shi ya ƙone. Ita ta yi jinyarsa, daga nan suka shaƙu, suka yi aure ranar 11 ga Maris, 1958. Shi Hindu ne, wannan kuwa addininmu bai yarda da shi ba, ba na kuma kawo miki shi a matsayin abin koyi. Ina ba ki labarin ne yadda ya faru.

Ga inda labarinta ya haɗu da tambayarki. Tana yin aure ta janye daga fim, tana kan ganiyarta, ta zauna ta haifi 'ya'ya uku, Sanjay da Namrata da Priya. Ashe ke nan al'adar ba tamu ce mu kaɗai ba, can ma haka ake sa ran matar aure ta yi. Sai dai ba ta mayar da janyewar kabari ba. Fim ɗinta Raat Aur Din ya fito a 1967 tana matar aure mai 'ya'ya, kuma da shi ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya. Ita da mijinta suka haɗa ƙungiyar mawaƙa da 'yan wasa suna zuwa bakin iyaka suna ɗebe wa sojoji kewa. Ta tsaya tsayin daka kan hidimar yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan ƙasar. Ciwon daji ya kama ta, aka kai ta Amurka magani, ta dawo Bombay ta rasu ranar 3 ga Mayu, 1981, tana da shekara 51, saura 'yan kwanaki a fara haska fim ɗin ɗanta na farko. A wurin bikin aka bar kujera ɗaya ba kowa, tata ce. An binne ta a maƙabartar Musulmi. Mijinta ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon daji da sunanta. Wannan Sanjay Dutt da samarin Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin, ɗanta ne na cikinta.

Yanzu ga tamu al'adar, yadda na tashi na same ta. Tushenta kunya ne da kulle. Matar aure a wurinmu ba ta nuna kanta a taron maza, ba ta ɗaga murya a dandali, kuma duk sana'ar da ta ƙunshi tsayawa a gaban jama'a, kiɗa ne ko waƙa ko wasa, ana ganin ta wasu gidaje ce da suka gada. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama daga 1990, sai aka ɗora shi a kan wannan tsohon ma'auni. Yarinya ta yi wasa tana budurwa ko tana zawarci, ranar da aka ɗaura mata aure ta ajiye. Idan auren ya mutu ta dawo, sai a ce ai ga shi nan, 'yar fim ba ta zaman aure. Ba a cika tambayar mene ne ya kashe auren ba, ko halin mijin ne, ko gorin dangi, ko kuwa raba mace da sana'ar da take ci da iyayenta da ƙannenta ba tare da an ba ta madadi ba.

Akwai abin da addini ya yi magana a kai, shi ne sutura da keɓewa da namiji da irin rawar da ba ta dace ba, da kuma haƙƙin miji a kan fitar matarsa. Wannan ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa, kada ki ɗauka daga bakin 'yan soshiyal midiya. Amma ƙyamar da ake yi wa mace don kawai an taɓa ganin fuskarta a fim, ko da ta yi shigar mutunci ta fito a uwa ko malama, wannan tamu ce, mu muka ƙirƙira. Kuma ba mu ma riƙe ta da gaskiya ba. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta yi shekaru tana kiɗan ƙwarya a bukukuwanmu har ta rasu a 2013. Mun yi mata liƙi, mun haddace waƙoƙinta, da su muka yi daka da wanki. Amma mu nawa ne za mu yarda ɗanmu ya auro mai irin sana'arta?

Don haka amsar tambayarki ta biyu ita ce, kin kama mu. Mun so Nargis hankali kwance saboda tana nesa, ba za ta zama surukar kowa a cikinmu ba. Radha muka gani muka yi wa kuka, muka manta cewa 'yar mawaƙiya ce ta tsaya cikin laka ta zama Radhar, kuma da a unguwarmu aka haife ta da ba mu bar 'ya'yanmu sun shiga gidansu ba. Na daɗe da gane haka, yana kuma damuna, shi ya sa ban taɓa sa baki ba idan ana zagin yaran nan a gidan biki.

Ba zan ce miki ki bari ba, ba kuma zan ce ki yi wa dangin miji tsaurin ido ba. Abin da na lura da shi a saƙonki shi ne, kin faɗi abin da uwarsa ta ce da abin da yayyensa suka ce, ba ki faɗi abin da shi ya ce ba. Sunil Dutt ya san wadda ya aura, bai taɓa jin kunyar aikinta ba, shi ya sa zamanta a gida bai zame mata hukunci ba. Ki tambayi yaron nan baki da baki, a zauren babanki, kafin akwati ɗaya ya shigo gidan. In wasan ne ba ya so, yana yarda ki yi rubutun labari ko ki shirya fim daga bayan kyamara, kamar yadda wasu matan aure ke yi yanzu? In ya ce ki bari gaba ɗaya, me ya tanada miki? In kuwa abin da kika riga kika yi ne yake jin kunyarsa, gara ki ji tun yanzu, don wannan gorin ba ya ƙarewa da ɗaurin aure. Duk abin da kuka daidaita a kai a faɗe shi gaban waliyyai.

Ni zan yi wa babanki magana, ƙanena ne, ba zai ƙi saurarona ba. Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar, ki taho da kwamfutarki ki nemo mana fim ɗin mu kalla tare, rabona da shi tun rasuwar kakarki. Hoton da kika gani a adaka ma nata ne, ita ta yanke shi daga wata tsohuwar kalanda ta ajiye a cikin kayanta. In kin zo zan ba ki shi.

Ki gaida mamanki da ƙannenki.

Gwaggonki