Tambayi Likita: Kafin a kai tsoho gidan kula da tsofaffi

Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan iyaye ne da jiki ya yi rauni, da 'ya'yan da aiki ko aure ya nisanta da gida. Na ɗauki biyar daga ciki.

Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 78, bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Mahaifiyarmu ta rasu, yayyena maza biyu suna Legas da Fatakwal, ni kuma ga aiki ga yara ƙanana. An nuna mana wani gida mai zaman kansa da ke karɓar tsofaffi. Na je na ga wurin fes, ga tayil ga na'urar sanyaya ɗaki. Me zan duba kafin mu yanke shawara? Kuma dangi suna cewa kai uba irin wannan wuri yasar da shi ne.
Wata 'yar'uwa, Unguwar Rimi

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Mama. Maganar dangi ba ta ba ni mamaki ba, domin a wurinmu da an ce gidan gajiyayyu, hankali na zuwa ne kan wanda ba shi da kowa. Abin da ya shafi hukunci ki kai shi gaban malamai. Ni dai abin da idona ya gani a asibiti shi ne, ana kawo tsoho daga gidan ɗansa na cikinsa da gyambo har ƙashi, ana kuma kawo wani daga hannun baƙi fatarsa lafiya lau. Akasin haka ma yana faruwa. Abin da ke raba su shi ne hannun da ke juya su da dare.

Don haka ki ajiye maganar tayil da sanyin ɗaki tukuna. Ranar da kika je, an san da zuwanki. Ki koma ba tare da sanarwa ba, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya bayan isha'i. Da kin shiga, hancinki zai fara ba ki labari: zarnin fitsari da ya kama katifa ba ya ɓoyuwa da turaren wuta. Ki tambayi ma'aikata nawa ne suke kwana a wurin, da tsofaffi nawa ne ba sa iya tashi da kansu. Mai irin lalurar Baba yana bukatar a juya shi kusan duk bayan awa 2, dare da rana. In mutum ɗaya ne ke kwana da majinyata goma, ki sani ba a juya kowa.

Ki nemi izini ki ga ana gyara wa wani kwanciya. Inda gyambon kwanciya ke farawa shi ne ƙasan gadon baya, da kwatangwalo, da diddige. A fatarmu ba ya fara da ja kamar yadda littattafan Turawa ke nunawa. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko tauri in an taɓa. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ɗaga ƙafar tsohon ya nuna miki diddigen ba tare da kin roƙa ba, za ki ga matashi a ƙarƙashin ƙauri don kada diddigen ya taɓa katifa.

Ki tsaya kuma lokacin cin abinci. Shanyewar ɓarin jiki takan taɓa haɗiya. In ana ɗura wa mutum kunu yana kwance, wani ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi kashe masu wannan lalura. Daidai shi ne a zaunar da shi sosai, a ba shi cokali-cokali, a bar shi a zaune kamar minti 30 bayan ya gama. In yana yawan ƙwarewa da ruwa, a sanar da likita.

Sai takardu. Ba duk wanda ya sa fararen kaya ne nas ba. Ki ce a nuna miki lasisin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya na nas ɗin da ke kula da magunguna, da shaidar rajistar wurin da ma'aikatar lafiya ta jiha in har suna yin allura da ƙarin ruwa. Wane likita ne ke zuwa, ranar yaushe? Akwai mai gashin ƙashi da ke motsa wa majinyata gaɓoɓi? In jiki ya rikice ƙarfe 2 na dare, da wace mota za a fita, kuma asibitin Barau Dikko na nan Kaduna za a nufa ko ina?

Akwai abin da ba a son faɗa, amma dole in faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma, kuma a binciken da ta dogara da shi, 2 cikin 3 na ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi sun amsa cewa sun taɓa aikata wani abu na cin zarafi a cikin shekara guda, ko tsawa ce ko sakaci ko duka. Maganin wannan shi ne idon dangi. Wurin da ya ƙayyade ziyara zuwa awa ɗaya ranar Lahadi, ko ya hana ki keɓewa da Baba, ki rabu da shi. Ki tabbatar namiji ne zai riƙa yi masa wanka da tsarki, a taimaka masa da alwala ko taimama, a fuskantar da shi alƙibla. Kuma Baba yana da bakin magana a wannan shawara. Matuƙar hankalinsa na nan, a zauna a tambaye shi da ladabi, kada ya wayi gari ya ga ana haɗa masa kaya.

Likita, mun samu wurare biyu. Ɗaya kuɗinsa na wata ya kusa ninka ɗayan. Mu biyar ne za mu riƙa karo-karo. Ta yaya za mu gane wanda ya cancanci kuɗinsa?
Wani ma'aikacin gwamnati, Kawo

Malam, kuɗin da aka faɗa maka da baki ba shi ne abin da za ka biya ba sai ka gan shi a rubuce. Ka ce kowannensu ya rubuta maka abin da kuɗin wata ya ƙunsa. Yawanci ɗaki ne da abinci da wanki. Abin da ke karya aljihu yana waje: famfas na manya, safar hannu, robar fitsari da canjinta, kayan wanke gyambo, magungunan hawan jini da suga, zuwan likita, gashi, da man motar zuwa asibiti. Sau da yawa in ka tara waɗannan, mai arhar ya kamo mai tsadar.

Ga wani lissafi da za ka yi a zaune. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kaduna ta amince da 72,000. Majinyacin da ba ya tashi yana bukatar mai kula da shi dare da rana, wato aƙalla mutum biyu masu karɓa-karɓa, ko da ana raba su tsakanin majinyata uku ko huɗu. Ka ɗora abinci sau uku, da man janareta, da haya. In kuɗin da aka yanka maka bai isa ya ɗauki wannan ba, to a wani wuri ake tsuke bakin aljihu, kuma galibi a kan ma'aikatan dare ne ko a kan abinci. Arha ba ta ado. Tsada ita ma ba shaida ba ce, domin wani kuɗin na unguwa ne da fenti.

Kafin ka sa hannu, ka nemi amsar waɗannan a cikin yarjejeniyar: in jikin ya ƙara nauyi, kuɗin zai ƙaru? Da sanarwar kwana nawa ake ƙarin farashi? In an kwantar da tsohon a asibiti mako biyu, za a ci gaba da cajin ɗakin? In Allah ya yi masa cikawa a tsakiyar wata, ana mayar da ragowar da kuɗin ajiya? Kada ku biya shekara guda a dunƙule. Ku fara da wata ɗaya na gwaji, ku karɓi rasit.

Ku yi masa rajistar inshorar lafiya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin rukunin masu rauni, a nan jiha kuma akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. Inshora tana rage nauyin ganin likita da magani da kwanciya a asibiti, amma kuɗin zama a gidan tsofaffi yana kanku. Ku biyar ɗin kuma ku rubuta abin da kowa zai riƙa bayarwa da ranar bayarwa, mutum ɗaya ya riƙe asusun. Na ga zumunci ya yi tsami a bakin gadon mara lafiya saboda rashin wannan.

Likita, Innarmu ta fara gigin tsufa. Takan fita da dare ta ce za ta gidansu a Zariya, wani lokaci ba ta gane jikokinta. Wani wuri da muka je sun ce ba damuwa, suna da maganin barci da suke ba irinsu. Mu amince?
Wata uwargida, Tudun Wada

Hajiya, kada ku amince. Wannan jumlar kaɗai ta ishe ni in san wurin bai dace da Inna ba. Magungunan barci irin su diazepam suna ƙara wa tsoho ruɗewa, su sa shi jiri, ya tashi fitsari cikin dare ya faɗi. Karayar ƙugu a wannan shekarun takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi. Akwai lokacin da likita kan rubuta maganin kwantar da hankali, amma bayan ya duba majinyaci ne, a ɗan ƙanƙanin awo, na ɗan lokaci, ba don ma'aikata su samu barci ba.

Kafin maganar wani gida, a kai ta likita ya gan ta. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba irin wannan, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba jifa ba ne, ba kuma maita ba, kuma cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasa. Yana zuwa ne sannu a hankali, cikin watanni da shekaru. In kuwa kun ga ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan wani abu ne daban: ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga, ko wani sabon magani. Ana warkar da su in an yi hanzari. A duba mata ido da kunne ma, tunda Kaduna na da cibiyar ido ta ƙasa da ta kunne. Tsohon da ba ya ji ba ya gani, ruɗewarsa ninkuwa take yi.

Ra'ayina shi ne mai gigin tsufa ta fi samun natsuwa a ɗakin da ta saba, da tabarmar sallarta da butarta a inda ta san su. Sauya mata wuri yakan ƙara rikita ta. Ku sa sakata a saman ƙofar gida inda hannunta ba ya kaiwa, ku bar fitila a hanyar banɗaki, ku ɗinka lambar waya a cikin mayafinta, ku sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi. In ta ce za ta Zariya, kada a yi musu da ita. A ce, "To Inna, bari gari ya waye," a kawo mata shayi, a ja ta da hirar mutanen da. In dai dole sai an kai ta wani wuri, a nemi mai tsakar gida da za ta iya zagayawa, wanda ba a ɗaure tsofaffi a gado ko a kulle su a ɗaki.

Likita, Babanmu yana allurar insulin ta ciwon suga. Me za mu tambaya a kan wannan a gidan kula da tsofaffi?
Wani ɗalibi, Malali

Ka ce a buɗe maka firjin ka gani, ka tambayi abin da ke riƙe shi in an ɗauke wuta, sola ko janareta. Insulin da ba a fara amfani da shi ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Wanda aka buɗe yakan yi kusan mako 4 in zafin bai wuce digiri 30 ba, ka kuwa san yadda Kaduna take a watan Maris da Afrilu. Ka duba ko suna da na'urar gwajin suga da littafin da ake rubuta sakamako. Sannan ka tambayi ma'aikacin dare abin da zai yi in ya tarar da Baba yana gumi, jiki na rawa, magana na sarƙewa. Amsar ita ce ya gwada suga, ya ba shi ruwan sukari nan take in yana iya haɗiya, in ba ya iyawa kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti.

Likita, mu ba mu da halin waɗannan wurare. Muna so mu ɗauki wata ta riƙa kula da kakarmu a gida.
Wata matashiya, Rigasa

'Yata, wannan shi ne abin da mafi yawan gidaje ke yi, kuma in an tsara shi yana kyau ƙwarai. Ku ɗauki babbar mace da aka san asalinta, ba yarinya 'yar shekara 12 da aka kawo daga ƙauye ba, domin ɗaga tsohuwa da lura da magani ba aikin yara ba ne. Ku roƙi nas a asibitin unguwa ta zo ta koya mata juyawa da wanka da ciyarwa, 'yan gida ma su tsaya su koya. Magungunan mako a ware su a hannun mutum ɗaya daga cikinku. Ku kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, ku samo kujerar bahaya in tsuguno ya gagara, ku ɗauke ledar ɗaki da ta naɗe a baki. A ba mai kular hutun yini ɗaya a mako, wani daga cikin jikoki ya karɓe ta, a kuma biya ta haƙƙinta a kan lokaci. Duk ranar Juma'a ɗaya daga cikinku ta yi wa kaka wanka da hannunta, ta duba bayanta da diddigenta, ta gwada hawan jini ta rubuta a littafi, a tafi da littafin duk ranar ganin likita.