Yadda Muke Raba Rigimar Ɓata Suna a Zangon Kumasi

Ɗana, saƙonka ya iso ni lafiya, kuma na ji daɗin yadda ka tsaya ka yi tambaya a kan abin da ya shige maka duhu. Ka ce ka ji labarin a nan Gana mutum yana iya zagin shugaban ƙasa a rediyo ko a Facebook ya kwana a gidansa, sannan ka tambaye ni ko mu Hausawan Zango muna kai juna wurin 'yan sanda idan wani ya ɓata wa wani suna a waya, kamar yadda ka ce ya zama ruwan dare a wurinku. Labarin da ka ji akwai gaskiya a cikinsa, amma ba duka aka gaya maka ba.

Bari in fara da doka, domin ita ce ta share mana fili. A shekarar 2001, watanni kaɗan bayan John Kufuor ya hau mulki, majalisar dokokin ƙasar nan ta soke dokar da ta mayar da ɓata suna laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma Nana Akufo-Addo, wanda yake ministan shari'a a lokacin, shi ne ya jagoranci aikin. Mu da muka ga zamanin Rawlings mun san abin da ya sa aka matsa a kan haka, domin a 1998 an tura manyan editoci biyu, Haruna Atta da Kweku Baako, gidan yari na wata guda bisa laifin raina kotu a wata shari'ar ɓata suna da matar shugaban ƙasa ta shigar. Tun daga 2001, wanda aka ɓata wa suna sai dai ya ɗauki lauya da kuɗin aljihunsa ya nemi diyya, kuma tsarin mulkin 1992 ya ba shi damar tilasta wa jarida ko gidan rediyo su fitar da martaninsa. Ba shi da ikon sa ɗan sanda ya kulle wanda ya zage shi don kawai ya zage shi.

Wannan shi ne babban bambancinmu da ku. Ina bibiyar labaran gida, na san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai, na kuma san kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki kafin a yi masa gyara a 2024. Ban manta da matasa biyu 'yan TikTok da wata kotu a Kano ta yanke wa bulala ashirin-ashirin a 2022 saboda sun taɓa gwamna ba. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ga an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna a zamanin Bazoum, sai sojoji suka mayar da shi a 2024.

To amma ka sani, ko kafin a soke waccan doka, mutumin Zango ba ya gaggawar zuwa caji ofis. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ta Salaga har suka yada zango a ƙasar Asante, kuma sun zauna ne a matsayin baƙi ƙarƙashin inuwar Sarkin Asante, suna da Sarkin Zangonsu da limamansu masu yi musu shari'a. A 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardu, aka kwashe mutane da yawa daga unguwanninmu, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibi. Tsoron hukuma da wannan ya dasa bai gama fita daga zukatan dattawa ba, shi ya sa har yau idan ka kai ɗan'uwanka Musulmi gaban 'yan sanda a kan magana, kai ne za a fara kallo da mugun ido, a ce ka tona asirin gida a gaban bare.

Abin da muke yi shi ne sulhu, kuma yana da matakai da kowa ya sani. Wanda aka ɓata wa suna yakan fara kai kuka wurin mahaifin mai laifin ko kawunsa, idan abin ya fi ƙarfinsu a je wurin limamin masallacin unguwa, idan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a hau zuwa fadar Sarkin Zango. Dokar ƙasa ma ta san da wannan hanya, domin dokar sasanci ta 2010 ta amince da hukuncin gargajiya matuƙar ɓangarorin biyu sun yarda da shi da kansu. Abin da waya ta ƙara mana shi ne sabon sharaɗi guda: inda aka yi ɓarnar, nan za a yi gyaran. Bara wani yaro a unguwarmu ya naɗi murya ya watsa a WhatsApp yana cewa ma'ajin kwamitin ginin masallaci ya ci kuɗin siminti. Aka tara su bayan sallar La'asar, aka kawo littafin lissafi aka karanta a gaban kowa, aka ga kuɗin suna nan. Dattawa ba su karɓi haƙurin da yaron ya bayar a tsugune ba sai da ya sake naɗar muryarsa, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, ya ce ƙarya ya yi, ya tura a duk zaurukan da ya watsa ta farko, sannan liman ya yi addu'a aka shafa. Da dare ma'ajin ya aika wa gidansu yaron da tuwo, wanda a wurinmu alama ce cewa magana ta mutu.

Kada wannan ya sa ka ɗauka aljanna muke ciki. Gwamnati ta rufe ƙofa ɗaya ta bar taga biyu a buɗe. Sashe na 208 na dokar manyan laifuka ta 1960 yana nan daram, yana hukunta yaɗa labarin ƙarya da zai jefa jama'a cikin tsoro, haka kuma sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar a kan aika saƙon ƙarya. Da waɗannan ake kama mutane yanzu, sai a sauya wa zagin babban mutum suna a kira shi labarin ƙarya. A watan Fabrairun 2022, lokacin mulkin shi wannan Akufo-Addo da ya yi tsayin daka wajen soke tsohuwar doka, an gurfanar da ɗan jaridar rediyo Kwabena Bobie Ansah saboda zargin da ya yi wa matar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa a kan wani fili, kuma a cikin watan aka kama lauya Oliver Barker-Vormawor saboda rubutun da ya yi a Facebook yana ambaton juyin mulki, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. Akwai kuma abin da ya fi ɗauri muni, domin a Janairun 2019 aka harbe ɗan jarida mai bincike Ahmed Hussein-Suale a Madina da ke Akara, shekaru suka shuɗe ba a hukunta kowa ba.

Ita ma hanyar neman diyya ta mai ƙarfi ce. Ɗan jarida mai bincike Anas Aremeyaw Anas, wanda marigayin yake yi wa aiki, ya kai ɗan majalisa Kennedy Agyapong ƙara kan ɓata suna, kotun Akara ta kori ƙarar a 2023. A wata ƙarar daban da ya shigar da shi a wata kotu a jihar New Jersey ta Amurka, masu taya alƙali yanke hukunci sun ba shi dala miliyan 18 a 2025, daga baya alƙali ya zaftare ta zuwa dala 500. Mai sayar da wake da shinkafa a unguwar Aboabo da ke nan Kumasi ba ta da kuɗin bin irin wannan doguwar hanya, saboda haka zauren liman ya fi mata sauƙi.

Sai dai zan gaya maka abin da ba kasafai dattawa irina suke faɗa ba, wato sulhun namu ma yana iya toshe bakin mai gaskiya. Yana aiki da kyau idan masu rigimar tsara ne, amma idan mai ƙara attajiri ne da ya yi wa masallaci rufi, ko ɗan siyasar da ke raba shinkafa da sukari da azumi, sau da yawa ba a tambayar yaro ko abin da ya faɗa gaskiya ne, abin da ake tambayarsa shi ne wa ya ba shi izinin ɗaga murya a gaban manya. Matasan da ke zama a majalisunsu na shan shayi, waɗanda muke kira bes, sun sha gaya mini cewa sun fi tsoron a kira mahaifiyarsu fada a kunyata ta a kan su kwana a hannun 'yan sanda. Saboda haka wasunsu suka koma buɗe shafuka da sunayen bogi, kuma wanda ba a san sunan ubansa ba, babu dattijon da zai iya aika a kira shi.

Wannan matsala ce muke tattaunawa a kanta yanzu a kwamitin masallacinmu, kuma shawarar da na bayar ita ce a riƙa liƙa lissafin kuɗin gini a bangon masallaci duk ƙarshen wata, a kuma ɗauki hotonsa a tura a zauren WhatsApp na unguwa kafin wani ya tambaya. Mutum uku sun goyi bayana, biyu sun ce raini ne ga ma'aji, an ɗage maganar sai bayan Babbar Salla. Ka gaishe mini da mahaifinka da sauran mutanen gida, ka ce masa goron da ya yi saƙo yana hanya.